Rubutun da ke kan takardar gwajin maigida: su wa suka san fassararsa?

Tambaya daga wata baiwar Allah mazauniyar Agege: "Assalamu alaikum Likita. An ce maigidana yana da kansar jini. An ɗebi ɓargonsa an tura gwaji, sakamako ya dawo da wannan rubutu: 46,XY,t(9;22)(q34;q11.2). Babban ɗanmu ya rubuta shi a waya, ya faɗa wani shafi da aka ce likitoci da yawa ne suke haɗuwa suna rubuta shi. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa, wai abin a cikin ƙwayoyin gado yake. Su wa ke rubuta waɗannan shafuka, kuma abin yarda ne? Yaranmu biyar za su gaji ciwon?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne.

Ki fara gaya wa yaron nan ya kwanta ya yi barcinsa. Wannan abin da aka gani a ɓargon mahaifinsa ba gadonsa ake yi ba. Maigida bai samo shi daga iyayensa ba, ba a haife shi da shi ba, kuma babu ɗaya cikin yara biyar ɗin da zai karɓa daga wurinsa. Na san inda ruɗanin ya samo asali. Mu a ƙasar nan, da an ambaci ƙwayoyin gado sai hankali ya tafi ga sikila, ga AS da SS da gwajin da ake yi kafin aure. Sikila tana cikin kowace ƙwayar jikin mutum tun yana cikin mahaifa, har da maniyyi da ƙwan mace, shi ya sa take bin zuriya. Shi kuwa wannan kuskure ne da ya auku da girma, a cikin ƙwaya ɗaya tak daga ƙwayoyin ɓargo masu ƙera jini, sai ita da jikokinta suka yi ta yaɗuwa. Da za a ɗebi fatar maigida a gwada, ba za a gan shi ba. Mafi yawan sauye-sauyen da ake samu a kansa irin wannan ne. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kansa ne kawai ake dangantawa da abin da aka gada.

Yanzu ga fassarar rubutun. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai wasu zaruruwa 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba, a jikinsu ƙwayoyin gado suke jere. Lambar 46 na cewa adadin ya cika. XY na cewa namiji ne. Harafin t kuma na nufin musanya: kuromosom na 9 da na 22 sun karye, kowanne ya ɗauki guntun ɗan'uwansa. Ki ɗauka tela ne ya yanke bakin atamfa biyu, ya ɗinke na wannan a jikin waccan. Yadin bai ragu ba, amma a wurin ɗinkin zane biyu da ba su da haɗi sun haɗu. Sauran lambobin, q34 da q11.2, adireshin wurin ɗinkin ne, kamar sunan layi da lambar gida. A wannan ɗinki ƙwayar gado mai suna BCR ta manne da wata mai suna ABL1, haɗinsu kuma yana samar da wani sinadari da ke ba ƙwayoyin jini umarnin haihuwa ba tsayawa, tamkar famfon da ya ƙi rufuwa. Daga nan fararen ƙwayoyin jini ke yin yawa, saifa ta kumbura, mutum ya riƙa jin ya ƙoshi da loma kaɗan, ga kasala da zufar dare.

Sanin wannan layi ɗaya ya ci shekara arba'in da hannun mutane da yawa. A 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai, Peter Nowell da David Hungerford suka lura a birnin Filadelfiya ta Amurka cewa masu wani nau'in kansar jini suna da wani guntun kuromosom ƙarami fiye da ƙima, aka sa masa sunan birnin. Sai a 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta nuna cewa guntun ba ɓacewa ya yi ba, musanya aka yi tsakanin 9 da 22. Wasu suka gano ƙwayoyin gadon da ke wurin ɗinkin, wasu suka ƙera maganin da ke toshe famfon, wato imatinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2001. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi aikin shi kaɗai daga farko har ƙarshe.

To, wannan musanya ɗaya ce cikin dubbai. Kansar nono na da nata sauye-sauyen, ta hanji na da nata, ta ƙwaƙwalwar yara daban da ta manya. Wani sauyin likita zai yi shekara talatin yana aiki bai gan shi ba sai sau ɗaya. Idan ya gani ya ajiye a aljihun teburinsa, ilimin ya mutu da shi. Idan kuwa ya rubuta, na Indiya ya rubuta nasa, na Faransa ya rubuta nasa, sai a wayi gari da mutum arba'in masu sauyi iri ɗaya, a iya cewa yawancinsu magani kaza ya karɓe su, ko kuwa ciwon nasu saurin dawowa yake yi. Aikin gayya ne, irin wanda ake yi a gona: kowa ya zo da fartanyarsa, gonar da mutum ɗaya zai yi wata bai gama ba a gama ta kafin azahar. Shafin da ɗanki ya faɗa ɗaya ne daga cikin rumbunan da ake tara amfanin wannan gayya.

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne na Felix Mitelman na Jami'ar Lund a ƙasar Suwidin. A 1983 ya fitar da shi a matsayin littafi, da bayanan marasa lafiya da ba su kai 4,000 ba, duk an tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga rahotannin da likitoci suka buga. Yanzu yana intanet kyauta, ya haura 70,000. A 1997 Jean-Loup Huret ya kafa wani a birnin Poitiers na Faransa, mai suna Atlas of Genetics and Cytogenetics in Oncology and Haematology, inda masana ke rubuta bayani kan kowace ƙwayar gado da kowace musanya, editoci su duba kafin a saki. Cibiyar Sanger ta Ingila ta buɗe COSMIC a 2004, hukumar lafiya ta Amurka kuma tana riƙe da ClinVar, inda ɗakunan gwaji ke zuba abin da suka gani da yadda suka fassara shi. Akwai CIViC na Jami'ar Washington da ke St. Louis, wanda kowane mai ilimin abin zai iya kawo hujja, amma ba ta zama karɓaɓɓiya sai wani edita daban ya tantance. Akwai kuma CCGA na ƙungiyar Cancer Genomics Consortium, wanda ma'aikatan ɗakunan gwaji ke rubutawa bisa tsarin rabe-raben kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga yadda kika kwatanta, ɗayan waɗannan na ƙarshe ne ko kuma na Faransa yaron ya samu.

Abin yarda ne? E, kuma ni kaina kusan kullum sai na buɗe ɗayansu. Duk likitan jinin da ya ce miki ya haddace dukkan waɗannan sauye-sauye bai faɗa miki gaskiya ba. Abin da ya sa na yarda da su shi ne irin abin da ya sa malaman hadisi suke yarda da ruwaya: isnadi. Kowace magana a shafi nagari tana ɗauke da inda aka samo ta, wane bincike, mutum nawa aka duba, wa ya rubuta, wa ya tantance, yaushe aka sabunta. Har daraja ake ba hujjoji. Maganar da ta fito daga gwajin magani kan ɗaruruwan mutane ba ɗaya take da wadda ta fito daga labarin mara lafiya guda, ko daga ƙwayoyin da aka raina a kwalba ba. A 2017 ƙungiyoyin masana uku na Amurka suka fitar da tsarin matakai huɗu na auna muhimmancin sauyin da aka samu a cikin kansa, daga wanda ke da tasiri tabbatacce a magani zuwa wanda ba shi da wata illa. Idan ɗanki ya koma shafin, ya duba waɗannan: sunan masu rubutu, ranar sabuntawa, da hujjojin da aka jingina da su. Shafin da babu su, ko wanda ke tallar magani a gefe, ya rufe shi.

Amma ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau. Shafin ya san musanyar, bai san maigida ba. Kin ce "kansar jini", ita kuwa gida ce mai ɗakuna da yawa. Wannan layi da kika turo ana samunsa a fiye da kashi 90 cikin 100 na masu nau'in da ake kira CML, wanda ke tafiya a hankali, kuma yawanci ƙwayar magani ɗaya ake sha kullum a gida. Ana kuma samunsa a kusan kashi ɗaya bisa huɗu na manya masu nau'in ALL, wanda ke zuwa da gaggawa, yana buƙatar kwanciya a asibiti da magunguna masu ƙarfi haɗe da wannan ƙwayar. Rubutu ɗaya, ciwo biyu, hanya biyu. Idan yaro ya karanta shafin ALL alhali mahaifinsa CML gare shi, zai tsorata kansa a banza. Idan aka yi akasin haka, za a yi sakaci da abin da ba ya jira. Ko a cikin CML ma akwai matakai: yawan ƙwayoyin da ba su gama girma ba a jini da ɓargo, girman saifa, da ko akwai ƙarin sauyi a gefe, kamar kuromosom na 8 ya zama uku. A layin da kika turo babu ƙarin komai, wannan kuma abin godiya ne. Sauran bayanan suna hannun likitan da ya taɓa cikinsa ya duba jininsa a madubin likita.

Akwai kuma gurbi na biyu, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Rumbu abin da aka zuba masa yake bayarwa, mu kuwa hatsinmu a ciki kaɗan ne. Babban aikin nan na Amurka mai suna TCGA, da aka fara a 2006, ya duba kansar mutum fiye da 11,000 a nau'o'i 33, amma mafi rinjayensu Turawa ne. Wani ƙidaya da aka buga a 2016 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 3 kacal. Alhali babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin ƙwayoyin gado tsakanin mutanenta. Da shirin binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka mai suna H3Africa ya karanta na mutum 426 kawai daga ƙabilu 50, sakamakon da aka buga a 2020 ya fito da sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubuta su ba. Ko ɗan abin da ake kira samfurin Najeriya a tsofaffin rumbunan duniya, na Yarabawan Ibadan ne da mutanen Esan. Bahaushen Kano, Bafulatanin Adamawa da Babarbaren Borno ba su cikin wannan jeri.

A wajen maigida wannan gurbi bai taɓa shi sosai ba, don musanyar 9 da 22 iri ɗaya ce a Agege da Landan. Inda yake cizo shi ne gwajin kansar da ake gada. An taɓa kawo mini wata yarinya da mahaifiyarta ta rasu da kansar nono. Dangi suka haɗa kuɗi aka tura yawunta wani ɗakin gwaji a ƙasar waje, takarda ta dawo da cewa an ga wani sauyi a BRCA2, ƙwayar gadon da ke da alaƙa da kansar nono, "wanda ba a san ma'anarsa ba". Wanda ya fara karanta musu takardar ya ce an samu cutar. Kafin su iso wurina har maganar aurenta ta fara rawa. Muka zauna muka buɗe ClinVar tare da yayanta, muka ga ɗakunan gwaji kaɗan ne suka taɓa ganin sauyin, kuma babu wanda ya ce yana haddasa ciwo. Ma'anar wannan hukunci ita ce ba a ga isassun mutane masu shi ba balle a yanke magana, kuma baƙar fata sun fi Turawa samun irin wannan amsa don ba a gwada danginsu da yawa ba. Wani bincike na 2018 a Amurka ya nuna cewa a cikin irin waɗannan sauye-sauye da aka sake wa hukunci daga baya, kusan tara cikin goma sun tashi a marasa illa. Ƙa'idar aiki ita ce ba a yanke nono, ba a fasa aure, ba a canza magani a kan irin wannan sakamako. Tarihin gidan aka bi aka tsara mata lokutan duba lafiya.

Kada kuma a ɗauka ba mu taɓa zuba komai a rumbun ba. An kafa rajistar masu kansa ta Ibadan tun 1960. A 1963, a asibitin koyarwa na Ibadan, Robert Pulvertaft ya raina ƙwayoyin kansar muƙamuƙi daga wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11, kansar nan da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wadda ke bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Jikokin waɗannan ƙwayoyi har yau suna raye a ɗakunan bincike na duniya, ana gwada magunguna a kansu. Musanyar da ke bayan wannan kansa, tsakanin kuromosom na 8 da na 14, tana cikin shafukan farko da kowane ɗalibin fannin ke karantawa. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago da abokan aikinta na Ibadan sun gwada mata 1,136 masu kansar nono, suka buga a 2018 cewa kashi 14.7 cikin 100 suna ɗauke da sauyin gado mai haddasa ciwon, adadin da ya zarce abin da aka saba gani a matan Turawa. Sannan akwai wani tabo na musamman a ƙwayar gado ta TP53, a wuri na 249, da ake samu a kansar hanta a Afirka ta Yamma da wasu yankunan Sin. Dafin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi ne ke yin sa, haɗarin kuma yana ninkuwa idan mutum na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wannan shafi ne da ya kamata duk mai sayar da hatsi a Mile 12 ya san da shi, kuma bayanan da suka gina shi daga marasa lafiyar Afirka da Asiya suka fito.

Saboda haka idan wata rana a asibiti aka kawo wa maigida takardar neman izinin amfani da samfurinsa a bincike, kada ku yi saurin ƙi, kada kuma ku sa hannu ido rufe. Haƙƙinku ne a karanta muku ita da harshen da kuke ji, a gaya muku ko za a cire suna, ina samfurin zai je, wane kwamitin ɗa'a ya amince da binciken, kuma a tabbatar muku cewa ƙin yarda ba zai taɓa maganinsa ba. Idan amsoshin sun gamsar, ni ina ganin alheri ne a bayar. Waɗanda suka yarda aka rubuta ciwonsu shekaru hamsin da suka wuce su ne silar ƙwayar maganin da maigida zai sha.

Ranar komawa asibiti ku tafi tare da yaron, tunda shi ne mai karatun, ya riƙe biro da takarda. Tambaya ta farko: CML ce ko ALL, kuma a wane mataki? Idan CML ce a matakin farko, labarin mai daɗi ne ƙwarai, don wanda magani ya karɓa kuma ya riƙe shi da gaske, tsawon rayuwarsa yana kusantar na wanda ba shi da ciwon. Ku tambayi hanyar samun maganin. Tun 2003 asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya zama cibiyar da masu wannan ciwo ke karɓar imatinib ta hanyar tallafin kamfanin Novartis da gidauniyar Max, likitocin jini na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da na LASUTH a Ikeja kuma sun san yadda ake tura mara lafiya. Ku tambayi gwajin PCR na BCR-ABL1, wanda ke auna ragowar ciwon a jini. A farkon magani duk wata uku ake so a yi shi. Abin da ake fata shi ne adadin ya sauko zuwa kashi 10 ko ƙasa da haka a wata na uku, ya kai 0.1 a cikin shekara. Ku ajiye kowane sakamako a fayil ɗaya bisa jerin kwanan wata, don tafiyar lambobin ta fi kowace lamba ɗaya magana.

Idan adadin ya ƙi sauka ko ya fara hawa, abu na farko da likita zai tambaya shi ne ko ana tsallake shan magani, don shi ne dalilin da ya fi yawa. Mutum ya ji sauƙi sai ya ajiye, ko kuɗin mota ya hana shi zuwa karɓa, ko a haɗa masa da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Ki sa ido a nan, Hajiya, don ke ce a gida. Ko da azumi ba a ajiye shi. Sau ɗaya ake sha tare da abinci da ruwa mai yawa, likitansa zai iya mayar da lokacin zuwa bayan buɗa-baki. Idan kuwa ana sha yadda ya kamata amma ciwon ya ƙi, sai a duba ko BCR-ABL1 ɗin ta sake yin wani sauyi a jikinta. An rubuta irin waɗannan fiye da 90, kowanne da maganin da ke cinsa da wanda ba ya cinsa. Wanda ake kira T315I, misali, ba ya jin imatinib, ba ya jin dasatinib da nilotinib, amma ponatinib na kama shi. A irin wannan rana za ki ga likita ya juya kwamfutarsa ya buɗe ɗaya daga cikin shafukan nan, wataƙila ma wanda ɗanki ya gani, yaron kuma zai iya matsowa su karanta tare.

Yaran ba sa buƙatar wani gwaji saboda wannan. Ki gaishe da maigida da jiki, Allah ya ƙara masa sauƙi.